Birkin da ya kama ba a sa shi ba: nazarin ɗaura bawul ɗin fakin a wani ƙaramin jirgin haɗi a wajen Riyad

Jirgin da mutanen da ke kansa

Jirgin da ake magana a kai ƙarami ne, mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, jikinsa na alminiyam, injinsa Rotax 912 mai ƙarfin doki 100. Irin jiragen nan ne da ake sayowa a akwati gunduwa-gunduwa, mutum ya zauna da zane da ƙusoshi ya haɗa abinsa. A Amurka, inda akasarin irin kayan suke fitowa, sai mai haɗin ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa kafin a yi wa jirgin rajistar haɗin gida. Mutanen Kaduna sun san irinsa: Air Beetle da sojojin saman Nijeriya suka koyi tuƙi da shi, daga kayan RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi, guda 60, kuma a Kaduna aka harhaɗa su.

Wanda ya haɗa wannan Bahaushe ne haifaffen Makka, daga gidajen nan da kakanninsu suka ratso Sudan zuwa aikin Hajji suka yi zamansu. Injiniyan ruwa ne a Riyad, yana da lasin tuƙin ƙaramin jirgi. Sha'awar ƙananan jirage ta samu gindin zama a Saudiyya tun da aka kafa Saudi Aviation Club a 2000 ƙarƙashin Yarima Sultan bin Salman, wanda ya je sararin samaniya a 1985. Matuƙin yana ajiye jirginsa a rumfar wani fili a wajen gari, kuma ranakun aikinsa a kai su ne Juma'a bayan la'asar da wunin Asabar.

Mutum biyu ne suka shiga lamarin tare da shi. Akwai wani dattijo ɗan Damagaram, aminin mahaifinsa, makaniken mota da ya daɗe a sana'iyya, wato unguwar garejoji. Kawu yake ce masa. Akwai kuma injiniyan jirage mai lasin da ke duba jirgin ya sa hannu a littafinsa, mutumin Mai Wurno ta Sudan, wanda kowa a filin ke kira Bashmuhandis, wato babban injiniya.

Abu ɗaya a ƙirar jirgin ya kamata a riƙe tun yanzu. Tayar gaba sakakkiya ce, duk inda jirgin ya karkata nan take bi. Idan ana tafiya a ƙasa a hankali, da birki ake juyawa: a taka na dama a yi dama, a taka na hagu a yi hagu. Don haka birkin layi biyu ne masu zaman kansu. Kowane layi yana tasowa daga ɗan tankin man birki, ya bi ta mastar kujerar fasinja (masta ita ce ɗan famfon da feda ke dannawa ya tura mai), ya shiga mastar matuƙi, sannan ya gangara ta ƙafar jirgin zuwa madamƙin da ke cije faifan taya. Kayan da suka zo a akwati ba su haɗa da birkin fakin ba.

Nuwamba: abin da ya kawo maganar

Wurin shan mai a filin yana da ɗan gangare wanda ido ba ya gani, sai taya. Wata Asabar matuƙin ya zo shi kaɗai, iskar arewa na kaɗawa. Ya kashe inji ya sauko, kafin ya zagaya fiffike ya sa weji, wato abin tokare taya, jirgin ya sulale kimanin mita 2, saura ƙiris kan fiffiken ya daki motar mai. Ba abin da ya lalace. Ga kuma wata damuwar da ya daɗe da ita: littafin injin ya ce a jira zafin man inji ya kai digiri 50 kafin a ba shi wuta sosai, kuma safiyar hunturun Riyad takan sauko ƙasa da digiri 10, sai mutum ya yi ta zama ƙafafunsa biyu a dafe kan feda.

Hanya biyu aka auna. Ɗaya irin ta jiragen Cessna, inda mariƙi ke jan waya ta danne mastocin da kansu. Ɗayar kuma bawul da ake sakawa cikin layin mai. Aka zaɓi bawul, saboda ba shi da nauyi kuma ba sai an taɓa fedoji ba.

Disamba: kaya sun iso

Bawul ɗin ɗan dunƙulen alminiyam ne da ke shigewa tafin hannu. Ramuka huɗu gare shi, biyu na shiga biyu na fita, da ɗan hannu guda a gefe mai kula da layukan biyu lokaci ɗaya. A cikin kowane layi akwai ɗan murfi da sifirin ke dannawa kan mazauninsa. Idan hannun yana wurin buɗewa, wani sanda mai ƙusumbi ne ke ɗage murafan, mai ya tafi ya dawo yadda ya ga dama. Idan aka juya hannun, sandan ya sake su, sai abin ya koma kamar bawul ɗin tayar keke: ana iya turawa ciki, amma abin da ya shiga ba ya fitowa.

Ke nan bawul ɗin ba ya matse komai da kansa. Ƙafa ce ke matsewa, shi kuwa ya hana man dawowa. Daga nan aka fitar da sharuɗɗa biyu tun kafin a taɓa sifana. Dole ya zauna bayan masta ta ƙarshe, tsakanin mastar matuƙi da taya, don in aka sa shi tsakanin mastocin biyu, takun matuƙi ba zai bi ta cikinsa ba. Dole kuma ramin shiga ya fuskanci masta. In aka juya shi aka ja mariƙi, feda za ta yi tauri alhali ko ɗigon matsi bai isa taya ba. Duka biyun an kiyaye su.

A makon ne Kawu ya zo da gwangwanin man birkin mota na DOT 4 a leda.

"Ɗana, ga mai na kawo maka, mai kyau ne, shi nake zuba wa motocin manya."

"Kawu, Allah ya saka da alheri, amma a mai da shi mota. Namu ja ne."

Birkin wannan jirgi da MIL-H-5606 yake aiki, man da aka tato daga fetur aka rina shi ja, kuma zobban robar da ke ciki na nitril ne. Man birkin mota haɗi ne daban, yana lalata irin wannan roba. Akwai birkunan ƙananan jirage da aka ƙera don DOT da wata robar dabam, shi ya sa takardar wanda ya ƙera birkin ce ke yanke hukunci. Gwangwanin bai kwana a rumfar ba.

Janairu: ɗauri na farko

An kafa bawul ɗin a jikin bangon da ya raba inji da mazauni, ta ciki, sama da fedojin fasinja. Aka yanke layuka, aka yi sabbin guntaye da bututun alminiyam mai inci 1/4. Kawu ne ya buɗe bakunansu da na'urarsa ta warsha. A ranar komai ya zauna lafiya. Washegari da aka goga farar takarda a ƙarƙashin mahaɗan, biyu daga ciki suka bar jan tabo. Aka ƙara ɗaurewa, ɗaya ya tsage.

Dalilin bai yi wuyar ganowa ba. Na'urar mota tana buɗe bakin bututu a digiri 45, mahaɗan jirgi kuwa na digiri 37 ne, don haka fuskokin biyu ba sa kwanciya a kan juna, a siririn layi kawai suke haɗuwa. Maimakon a sayi wata na'urar saboda bakuna takwas, aka yi odar tiyo huɗu haɗaɗɗu, masu Teflon a ciki da saƙar ƙarfe a waje. Yoyo ya ɗauke.

Ramukan jikin bawul ɗin masu haƙoran ɗauri ne irin na famfo, inci 1/8, waɗanda ke ƙara tsukewa in ana shiga. Irinsu suna bukatar abin liƙi. Matuƙin ya yi abin da hannunsa ya saba da shi a wurin aiki: ya naɗa musu farin tef na masu famfo.

Saura waya. Aka sayo irin mai turawa da ja, tauraren waya guda cikin kube, da mariƙi mara makulli. Aka ɗaure kuben a allon gaba, aka kama tsakiyarsa da igiyar roba mai haƙora a jikin wani bututun da ya gitta, aka bar sauran kimanin santimita 25 yana reto har zuwa hannun bawul. An gwada: a ja, hannu ya tafi; a tura, hannu ya dawo. Ba a sa wani abin da zai tokare hannun a ƙarshen tafiyarsa ba, mariƙin ne ke tsayawa idan ya dungure allo.

Fabrairu: cire iska

An fara da hanyar mota, ɗaya na taka feda ɗaya na buɗe bakin cire iska a taya. Wuni guda aka yi, feda na nan taɓas-taɓas. Iska sama take nema, ga bawul ɗin shi ne wuri mafi tudu a layin, kumfa ta samu maɓoya. Bashmuhandis ya ce ta waya a juya aikin: a cika ɗan gwangwanin mai mai famfo, a jona shi da bakin cire iska da siririn tiyo mai nuna ciki, a tura mai daga taya zuwa sama har ya ɓullo a tanki babu kumfa.

Layin dama ya tafi sumul. Na hagu ya ƙi. Famfon ya yi tauri, Kawu ya ƙara dannawa, tiyon ya suɓuce ya fesa masa jan mai a gaban riga. Matuƙin ya kwanta ya zura hannu ƙarƙashin allo, ya ɗan tura hannun bawul ɗin da yatsa, nan take mai ya wuce. Aka gama, feda biyu suka yi tauri, aka rubuta haka a littafi. Maganar yatsa ba ta shiga rubutun ba.

Maris: hagu ta ƙi riƙewa

Gwajin farko ya yi kyau: an taka, an ja mariƙi, mutum biyu suka tura jirgin bai motsa ba. Bayan kamar minti 30 aka sake turawa, sai ya juya a kan tayar dama. Matsin hagu ya zurare, kuma babu danshi a ko'ina, daga masta har madamƙi.

Bashmuhandis ya hana a kwance komai tukuna. Ya ce a musanya tiyoyin a jikin bawul, layin hagu ya bi ta ramukan dama, na dama ya bi ta na hagu, a ga inda cutar za ta bi. Sai ta koma tayar dama. Da haka aka wanke masta da madamƙi daga zargi ba tare da an buɗe su ba.

Lokacin ƙura ne a Najd, yankin da Riyad take, don haka aka toshe bakunan tiyoyin, aka kai bawul ɗin ɗaki aka buɗe shi a kan farin ƙyalle. A kan mazaunin murfin ramin hagu akwai zaren farin tef, siriri, bai fi milimita 3 ba. Haƙoran ɗauri ne suka yanko shi, mai ya kai shi inda ya maƙale. Aka wanke, aka kankare tef ɗin duka, aka shafa man liƙin da aka yi don layin mai, aka bar haƙora biyu na farko babu komai. Tiyoyi suka koma wurarensu. A wannan karon matsi ya kwana. Sauran Maris da Afrilu jirgin ya yi ta tashi babu ƙorafi, kusan kullum matuƙin shi kaɗai.

Mayu: taya ta yi hayaƙi

Ƙarshen Mayu, bayan la'asar, zafi ya haura digiri 40. Matuƙin ya ɗauki ƙanin matarsa, dogon saurayi, zai zaga da shi. Daga rumfa zuwa bakin titin tashi ya kai kilomita ɗaya da rabi, iska kuma daga dama take bugowa. Iskar gefe tana juya hancin jirgi ya fuskance ta, saboda haka ya riƙa ɗan taɓa birkin hagu yana daidaitawa. Can sai jirgin ya fara ja hagu. Ya rama da birkin dama, ya ƙara totur. Ya dubi mariƙin fakin, ya gan shi a ture har allo.

Da ya tsaya a bakin titi ne ya ji ƙauri, a daidai lokacin da wani ma'aikacin fili ke ɗaga masa hannu daga mota. Hayaƙi na fita daga murfin tayar hagu. Ya kashe inji, suka sauko, aka tsaya da tukunyar kashe gobara. Wuta ba ta tashi ba.

Da aka cire murfin, cikinsa ya babbake ya yi ruwan ƙasa. Zoben robar madamƙi ya ƙone ya yi tauri, in aka lanƙwasa shi sai ya karye. Mai ya zubo kan faifai, fad ɗin birki sun jiƙe sun yi ƙyalli. Ƙa'idar MIL-H-5606 ta yarda tururin man ya fara kama wuta daga digiri 82, faifan da aka ja a cije na tsawon kilomita kuwa ya wuce nan nesa ba kusa ba. Da an tashi a haka, da an sauka ko dai da tayar hagu a cije ko kuma babu birkin hagu sam, a jirgin da birki ne sitiyarinsa a ƙasa.

Farkon Yuni: zargin masta

Tunda mariƙi a ture yake, ba wanda ya kalli bawul. Hankali ya koma kan cutar da masu haɗa jirage suka fi sani. Idan aka saki feda, dole fistin masta ya koma baya gaba ɗaya kafin ɗan ramin da ke mai da mai tanki ya buɗe. In notin da feda ke juyawa a kai ya yi tsauri, fistin sai ya tsaya a hanya, matsi ya maƙale. Aka sassauta notocin, aka sa wa kowace masta sifirin mai dawo da ita, aka canza fad da zobban roba, aka sake cire iska. Aka ɗaga jirgin a jak, a taka a saki, taya na juyawa da yatsa ɗaya. Matuƙin ya zaga fili sau da dama shi kaɗai, ya taɓa faifai bayan ya huce kaɗan, lafiya lau.

Mako biyu bayan haka ya ɗauki wani abokin aikinsa. Ba su yi mita 300 ba jirgin ya fara ja hagu. Ya tsaya nan take, suka turo shi rumfa da hannu. Kawu da ya ji labari cewa ya yi ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ƙarshen Yuni: geji

Bashmuhandis ya zo da kansa wata Juma'a. Kafin ya buɗe akwatin kayansa ya yi tambaya ɗaya: a duka ranakun biyu, wa ke kujerar dama? Da ranakun da ba a samu matsala ba fa?

Ya cire bakin cire iska na tayar hagu ya ɗaura geji mai auna matsi a wurin, aka fitar da 'yar iskar da ta shiga. Matuƙin ya hau shi kaɗai, ya taka har allura ta kai ba 25 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), ya saki, ta faɗo sifiri. Ya maimaita, haka dai. Sai Bashmuhandis ya juya ga dattijon.

"Baba, hau ka zauna a dama. Miƙe ƙafarka yadda ranka yake so."

Kawu ya hau ya miƙe. Matuƙin ya taka, ya saki. Allura ta sauko ta tsaya a ba 9.

"To ai ni ban taɓa komai ba," in ji Kawu.

"Kai ba ka taɓa ba, Baba. Kada ka motsa."

Ya leƙa da tocila. Kan takalmin dattijon ya tokari kuben wayar nan da aka bari yana reto, ya ture shi gefe ya yi baka. Tsawon waya daga mariƙi zuwa hannun bawul ba ya ƙaruwa, saboda haka in aka tilasta mata bin karkatacciyar hanya, dole ɗayan ƙarshen ya biyo. Mariƙi bai motsa ba, hannun bawul ne ya biyo, kuma wajen rufewa. Bashmuhandis ya yi alama da alƙalami ya auna: milimita 4 a kan hannun.

Milimita 4 bai kamata ta isa rufe layi ba, don haka ya cire wayar ya tura hannun da yatsa. Sai ga shi ya ƙara tafiya sosai wajen buɗewa. Ashe tun Janairu mariƙin yana dungurar allo kafin hannun ya kai ƙarshe, bawul ɗin ya yi wata shida a bakin rufewa. Murafan biyu kuma ba sa zama a daidai lokaci guda, kowane ƙarfe da ɗan bambancinsa. Na hagu ne ke riga sauka. Nan matuƙin ya ba da labarin ranar da tiyo ya fesa wa Kawu mai. Bashmuhandis ya ce ai mai da ake turowa daga ƙasa ba abin da zai tare shi a buɗaɗɗen bawul, ranar nan ya kamata a ajiye gwangwani a nemi dalili.

Yuli: gyara

An yanka farantin alminiyam mai kusurwa, aka kafa shi tare da bawul ɗin a ƙusoshi ɗaya, don kada ɗaya ya motsa ya bar ɗaya. A kansa aka sa ƙusoshi biyu masu tokare hannun, ɗaya a cikakkiyar buɗewa, ɗaya a cikakkiyar rufewa, bisa zanen da ya zo da bawul. Ƙarshen kube aka kama shi da maɗaurin ƙarfe mai roba a jikin farantin, santimita 5 daga hannun, sauran tsawonsa kuma aka ɗaga shi ya bi saman allo inda ƙafa ba ta kaiwa. Sannan aka daidaita waya yadda hannun zai fara dukan tokararsa alhali saura milimita 3 mariƙi ya taɓa allo. Haka ake yi wa wayar totur a jirage, kuma amfanin ratar shi ne matuƙi yana ganinta: in ta ɓace, wani abu ya goce.

An yi 'yar gardama kan sifirin. Bashmuhandis ya sa ɗan sifirin mai jan hannun wajen buɗewa. Kawu ya ce wannan ai zai saki birki da kansa a bar jirgi ya sulale. Amsar da ya samu ita ce in waya ta tsinke a sama, gara a sauka da bawul a buɗe. Sulalewa a wurin shan mai kuwa weji na maganinta. Aka sasanta da canza mariƙi zuwa mai makulli, wanda in an ja sai an murɗa kafin ya koma.

Aka ƙara ɗan makunni a jikin tokarar buɗewa, wanda ke kunna jar fitila a allo da zarar hannun ya bar wurin. Da gangan aka sa shi a nan. Da a mariƙi aka sa shi, da ranar Mayu fitilar ba ta kama ba.

Tunda an riga an buɗe layi, aka zubar da tsohon man aka wanke da MIL-PRF-83282, wanda shi ma ja ne, yana zama lafiya da robobin da ke ciki, amma sai zafi ya kai digiri 205 tururinsa ke kamawa. Zobban madamƙi kuma aka sa na Viton masu jure zafi. Gwajin ƙarshe da geji aka yi shi a tayoyin biyu, inji a kashe da kuma inji na aiki, da mutum a dama yana shure-shure da gayya. Kowane karo allura ta faɗo sifiri. Jiragen da ke da rajistar Saudiyya, masu lambar da ta fara da HZ, suna ƙarƙashin GACA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, kuma littafin jirgi shi ne shaidarsa. Aka rubuta aikin daki-daki, Bashmuhandis ya sa hannu.

Agusta: gwajin zafi

Kafin a cire geji aka ga ya kamata a san abin da rana ke yi wa man da aka kulle. Irin wannan mai yana kumbura kimanin kashi 0.07 cikin 100 a kowane digiri. A ido ba komai ba ne, amma mai ba ya matsuwa, in a cikin abin da ba ya miƙewa sam aka kulle shi, digiri ɗaya yana iya ƙara kusan ba 10. Tiyo da zobban roba suna ɗan bayarwa, shi ya sa a jirgi abin ba ya kai haka.

An kulle a ba 20 bayan sallar asuba, aka bar jirgin a rana da weji. Ƙarfe 1 na rana allura tana ba 33. Wata ranar aka yi akasin haka: aka kulle a ba 25 da yamma bayan tafiya a ƙasa, birki da ɗuminsa. Da safe saura ba 6, mutum ɗaya ya tura jirgin ya motsa. Babu yoyo a duka biyun.

Daga nan aka rubuta ƙa'idar amfani a takardar dube-dube. A taka, a ja, a sauko a sa weji, a dawo a saki bawul. In za a bar jirgin, weji da igiyoyin ɗaure fiffike. Ba a kullewa in birki ya yi zafi, wanda dama littattafan ƙananan jirage da yawa sun hana. Lokacin gwajin inji a juyi 4000 a minti, ƙafa na kan feda ko da an ja mariƙi. Kafin a hau titin tashi, a dubi fitila, a dubi ratar milimita 3.

Yadda muka ga lamarin

Kurakurai uku aka yi a ɗaurin Janairu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Bakin bututu na digiri 45 da farin tef kowanne al'adar wata sana'a ce aka shigo da ita, ta mota da ta famfo. Duka biyun sun tona kansu jirgi na tsaye, kuɗinsu tiyo huɗu da 'yan Asabar. Na ukun, wato waya, shi ne aka ɗauka ƙaramin aiki, aka gama shi da igiyar roba a ƙarshen wuni, kuma shi kaɗai ne ya kusa kai su ga gobara.

Zargin masta ba wauta ba ne, kowane makaniki nan zai fara. Inda aka gaza shi ne gwajin da aka wanke gyaran da shi: an yi shi kujerar dama babu kowa, alhali matsalar ba ta taɓa fitowa a haka ba. Musanya tiyoyi a Maris da ɗaura geji a Yuni sun yi aiki ne saboda kowanne ya ware abu guda ya tambaye shi, kafin a sayi komai.

Ko bawul ɗin ya cancanci wahalar? A wurin shan mai, ga mai tafiya shi kaɗai, ya cancanta. Amma ya kawo wa jirgin wata hanyar cijewar birki da a da ba shi da ita, abin da ya saya da wannan kuwa minti biyu ne tsakanin sauka da sa weji. A ganinmu wanda ba zai yi faranti da tokara da sifirin ba, gara ya bar layinsa yadda ya zo, ya nemi mai riƙe masa fiffike.

Zuwa ƙarshen Oktoba jirgin ya yi tafiye-tafiye da fasinja babu ja, jar fitilar ba ta taɓa kamawa ba sai an ja mariƙi. An sa gwajin geji cikin jerin duban shekara, a tayoyin biyu, da sharaɗin a yi shi da mutum zaune a kujerar dama.